Fayil Ya Sauya Suna, Tarihi Ya Rikice: Gardamar Shekara 50 Tsakanin Masu Rubuta Manhaja

A ƙarshen kowane wata, ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na Anka da Gummi da Bukkuyum kan tattara alƙaluman aikinsu: mata nawa suka zo awon ciki, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma ya karɓi takardun, ya shigar da su cikin DHIS2, manhajar da Najeriya ta ɗauka don adana bayanan lafiya na ƙasa. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorantar gina ta, amma hannaye da yawa ne a kanta, daga Indiya da Biyetnam da ƙasashen Afirka daban-daban. Mutanen da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba suna gyara rubutu ɗaya, wani lokaci ma a rana ɗaya, kuma aikin bai tarwatse ba.

Abin da ya riƙe shi wata manhajar ce ta daban, wadda mai latsa waya ba ya ganin ta: manhajar adana tarihin sauye-sauye. Ita ke rubuta wa ya canza me, yaushe, kuma saboda me. Ita ce kuma ke haɗa aikin mutum biyu idan sun rabu sun dawo. An fi shekara 50 ana gina irinta, an kuma shawo kan manyan matsaloli a hanya, amma wata ƙarama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: yaya za a yi idan wani ya sauya wa fayil suna?

A ɗauki misali. Ɗalibai biyu suna haɗa 'yar manhaja mai ɗauke da jerin ƙauyukan yammacin Zamfara, kowace ƙaramar hukuma da nata fayil. Na farko ya lura an rubuta sunan wani fayil "Bukuyum", sai ya gyara shi ya koma "Bukkuyum". Na biyu bai san da gyaran ba. A tasa kwamfutar ya buɗe tsohon fayil ya ƙara 'Yargalma da Tungar Guru. Ranar haɗa aiki, abin da kwamfuta ke gani shi ne: a gefe ɗaya tsohon suna ya ɓace, wani sabo ya bayyana, a ɗaya gefen kuma an yi wa tsohon suna ƙari. Mutum zai gane nan take cewa ƙauyukan biyu sabon fayil ya kamata su shiga. Kwamfuta kuwa sai dai a gaya mata, ko ta yi hasashe. Idan ta kasa, ko dai ta tsayar da aiki ta ce an yi karo, ko kuma ta yi shiru ƙauyuka biyu su salwanta ba wanda ya sani.

Zamanin kulle

Labarin ya faro a 1972, a ɗakunan bincike na Bell Labs da ke jihar New Jersey ta Amurka, inda Marc Rochkind ya rubuta SCCS. Dokarta mai sauƙi ce. Kowane fayil da nasa tarihin, kuma duk mai son gyara sai ya kulle shi, sauran su jira har ya gama. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS, wadda ta bi wannan hanya ta kulle. Babu maganar karo a nan, tunda hannu ɗaya ne ke kan fayil a kowane lokaci. Sai dai an binne wata matsala a ƙarƙashin ginin tun ran farko: da sunan fayil ake kiran tarihinsa. Sunan shi ne mabuɗi. Wanda ya sauya suna ya raba fayil da tarihinsa, sai in ya bi ya sauya wa tarihin suna da hannu.

Dick Grune, malami a wata jami'ar birnin Amsterdam ta ƙasar Holan, shi ya cire kwaɗon. Yana aiki da ɗalibansa biyu a kan manhaja ɗaya, kowa da lokacin da yake samun sukuni, jiran juna kuma ya ishe su. Sai ya rubuta CVS, ya sake ta ga jama'a a 1986, Brian Berliner kuma ya sake gina ta da harshen C, aka fitar a 1990. A CVS kowa zai ɗauki kofi ya yi gyaransa, daga baya a haɗa. Dabarar haɗawar ita ce a ajiye abu uku a jere: asalin da aka rabu daga gare shi, da aikin wannan, da aikin wancan. Layin da mutum ɗaya kaɗai ya taɓa, a ɗauki nasa. Layin da duka biyun suka taɓa, a tsaya a tambayi mutum. Har yau a kan wannan dabara ake tafiya.

CVS ta zama ƙashin bayan manhajojin kyauta a shekarun 1990. FreeBSD da Mozilla da KDE da Apache duk a kanta suka girma. Amma a ƙarƙashinta fayilolin RCS ne, ba ta ma da umarnin sauya suna. Mai buƙatar haka hanya uku gare shi, kowace da asararta. Ya goge tsoho ya ƙara sabo, tarihi ya yanke. Ko mai kula da babbar kwamfuta ya shiga rumbun da ake adana tarihin ya sauya wa fayil ɗin tarihi suna, sai tsofaffin bugu na manhajar su daina haɗuwa, domin suna neman sunan da babu shi. Ko a kwafi tarihin a ajiye shi a wuri biyu, kamar yadda mutanen FreeBSD suka daɗe suna yi ta hannun wasu amintattu da aka ba wannan izini. Sakamakon haka masu rubuta manhaja suka riƙa jin tsoron sauya suna. Fayil ya zauna shekaru da sunan da bai dace da aikinsa ba, don dai kada a taɓa a ɓata.

Alƙawarin Subversion

A 2000 kamfanin CollabNet ya ɗauki nauyin gina magajiyar CVS. Karl Fogel da Jim Blandy da Ben Collins-Sussman na cikin waɗanda suka aza harsashin Subversion, bugu na 1.0 kuma ya fito a watan Fabrairun 2004. Ta zo da gyare-gyare na gaske. Folda ma ta samu tarihi, ajiya kuma ko ta shiga duka ko kada ta shiga sam. An kuma samu umarnin sauya suna.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka gina umarnin. A cikin Subversion sauya suna aiki biyu ne da aka ɗaure wuri guda: a kwafi fayil zuwa sabon suna tare da tarihinsa, sannan a goge tsohon. Ga mai bin tarihi baya, wannan ya wadatar. Ga mai haɗa rassa kuwa, wato layukan aiki da suka rabu da babban layi, tarko ne a wancan lokaci. Idan an sauya suna a reshe, wani kuma ya yi gyara a tsohon suna a babban layi, haɗewar za ta goge fayil ɗin da aka gyara, ta kawo kofin da aka ɗauka kafin gyaran. Gyaran bai fita daga tarihi ba, amma ya fita daga manhajar da ake aiki da ita, kuma ba lalle a ji wata ƙara ba. Littafin Subversion da masu ginin suka rubuta da kansu ya ja kunnen masu karatu a kan wannan. A rajistar matsalolinsu, buƙatar sauya suna na haƙiƙa ita ce mai lamba 898, ta kuma shafe shekara da shekaru a buɗe.

An yi ta faci a hankali. Bugu na 1.5 a 2008 ya fara tuna abin da aka riga aka haɗa. Na 1.6 a 2009 ya koyi gane karon da ya shafi wurin fayil da sunansa, ya daina wucewa shiru. Na 1.8 a 2013 ya fara lura da ƙaurar fayil a kwamfutar mai aiki, na 1.10 a 2018 kuma ya zo da mataimaki mai bin tarihi ya gano inda fayil ya koma. Kafin a kai nan, yawancin jama'a sun riga sun yi gaba.

Mazhabobi biyu

Tun farkon shekarun 2000 wasu suka ce maganin a fili yake: a ba kowane fayil lambar shaida ta dindindin ranar da aka ƙirƙire shi, suna kuma ya zama lakabi kawai da za a iya cirewa a liƙa wani. GNU arch ta Tom Lord ta bi wannan hanya, haka BitKeeper ta Larry McVoy, haka Bazaar da kamfanin Canonical ya ɗauki nauyi. Ɗan Anka ba zai sha wuyar gane wannan ra'ayi ba. Gadon sarautar Zamfara ya taso daga Dutsi, ya zauna Birnin Zamfara har Gobirawa suka ci birnin a ƙarni na 18, ya ratsa Kiyawa da wasu garuruwa kafin ya tabbata a Anka. Mazauni ya sauya sau da dama, sarautar dai ita ce, kuma da ita ake bin jerin sarakuna.

Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudun da ya kafa Canonical, ya rubuta a 2007 cewa iya riƙe sauyin suna shi ne babban ma'aunin da ya kamata a auna waɗannan manhajoji da shi, domin aikin da ba a iya sake wa fasali ba tare da fargaba ba, tsufa zai yi. DHIS2 ma ta yi shekaru ana gina ta a kan Bazaar kafin ta koma dandalin GitHub, kuma a cikinta wannan dabara take bi da asibitoci: kowane yana da lamba mai haruffa 11, don haka ko an sauya wa asibiti suna, alƙalumansa na baya suna nan tare da shi.

Mazhaba ta biyu rikici ne ya haife ta. Tun 2002 Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya ƙirƙiri Linux, yake amfani da BitKeeper, wadda ta kasuwa ce amma aka ba masu gina Linux kyauta bisa sharuɗɗa. A farkon 2005 Andrew Tridgell, ɗan Ostareliya da aka sani da Samba, ya fara rubuta manhajar da za ta iya magana da rumbunan BitKeeper ba tare da bin ta hannun kamfanin ba. Kamfanin ya janye kyautarsa. Torvalds ya fara rubuta Git a ranar 3 ga Afrilu 2005. Ranar 7 ga wata Git ta fara adana tarihin kanta. A watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 da ita. A cikin wannan Afrilun aka sanar da Mercurial, wadda ta tsaya a tsakiya: tana rubuta cewa wannan fayil daga wancan ya fito, muddin an yi sauyin da umarninta.

Torvalds ya ƙi rubuta sauyin suna ko kaɗan, kuma da gangan ya ƙi. A Git, abin da ke cikin fayil ake ajiyewa ƙarƙashin wata lamba mai haruffa 40 da ake lissafowa daga rubutun kansa. Suna ba ya cikin wannan ajiya; yana cikin wani jeri dabam da ke cewa wannan suna yana nuni ga wancan rubutu. Kowace ajiya, wadda masu sana'ar ke kira kwamit, hoton aikin ne gaba ɗaya a wannan lokaci. Umarnin git mv ba ya barin wata alama a tarihi. Sauƙi kawai yake kawo wa mai bugawa.

Hujjojinsa suna da nauyi. Gyare-gyaren Linux da yawa ta imel suke zuwa a matsayin faci, faci kuwa ba ya ɗauke da lambar shaida. Mutane kan sauya suna da linzamin kwamfuta su manta da umarni, sai tarihi ya rubuta ƙarya ta dindindin. Sannan rubutu ba fayil-fayil kaɗai yake ƙaura ba: a kan raba fayil ɗaya gida biyu, a kan narkar da uku su zama ɗaya, to wanne zai gaji lambar? A ganinsa gara a ajiye gaskiyar abin da ke akwai, a bar gano ƙaura sai ranar da aka tambaya, domin dabarar ganowa za ta iya inganta gobe, ta kuma amfani tsohon tarihi.

Yadda Git ke hasashe

Junio Hamano, ɗan Japan wanda ya karɓi ragamar Git a watan Yulin 2005 kuma yake riƙe da ita har yau, shi ya rubuta sashen gano sauyin suna tun a watan Mayun wannan shekara. Git kan jera fayilolin da suka ɓace a gefe ɗaya, waɗanda suka bayyana a ɗaya gefen. Idan lambar rubutun biyu ta zo ɗaya, magana ta ƙare, fayil ɗaya ne. Idan ba ta zo ɗaya ba, sai ta yayyanka su gunduwa-gunduwa ta auna kamanninsu. Kamanni ya kai kashi 50 cikin 100, ta ce sauyin suna ne. Ya gaza haka, ta ce an goge wani an ƙirƙiri wani.

Aikin Linux ya nuna cewa dabarar tana ci idan an bi ta da ladabi. A watan Oktoban 2007 Thomas Gleixner da Ingo Molnar suka haɗe manyan foldoji biyu, i386 da x86_64, suka zama x86 guda, abin da ya fito a Linux 2.6.24. Ɗaruruwan fayiloli ne suka yi ƙaura. Sun fara kwashe su kusan yadda suke, suna liƙa wa sunayen alamar 32 ko 64, suka bar narkar da abin da ke ciki sai daga baya. Saboda haka Git ta iya bin sawun kowanne.

Amma hasashe hasashe ne. Wanda ya sauya suna ya kuma sake rubuta fiye da rabin fayil a kwamit ɗaya, ya ɓatar da sawu. Abokin aikinsa zai tarar da saƙon cewa ya gyara abin da wani ya goge. Ƙananan fayiloli masu doguwar sanarwar lasisi iri ɗaya a samansu kan yi kama da juna fiye da kima, sai Git ta ɗaura auren waɗanda ba su da dangantaka, gyaran wani ya faɗa gidan wani. Fayilolin da babu komai a cikinsu duk lambarsu ɗaya, sai a 2012 aka hana Git ɗaukar su a matsayin sauyin suna lokacin haɗewa. Ga kuma karon da ba wata dabara da za ta warware: mutum biyu sun ba fayil ɗaya suna biyu mabambanta, ko sun ba fayil biyu suna ɗaya, ko ɗaya ya sauya suna ɗaya ya goge. Nan dole mutum ya zauna ya yanke hukunci.

Akwai kuma tsadar lissafi. Fayil 5,000 da suka ɓace da 5,000 da suka bayyana na nufin gwaji miliyan 25. Don kada kwamfuta ta sandare, aka sa iyaka. Shekaru da dama iyakar haɗewa tana kan 1,000. Idan ƙaura ta wuce nan, Git kan fitar da ɗan gajeren gargaɗi cewa ta tsallake auna kamanni, ta ci gaba kamar ba a sauya sunan duk fayil ɗin da aka taɓa cikinsa ba. Wanda bai karanta gargaɗin ba sai ya ga karo ya zubo masa ɗari-ɗari, bai san daga ina ba.

Duk da haka Git ce ta yi rinjaye, saboda sauri da sauƙin buɗe reshe, da kuma GitHub da aka buɗe a 2008, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5. Emacs ta bar Bazaar a 2014, Python ta bar Mercurial a 2017, Bitbucket ya daina karɓar rumbunan Mercurial a 2020, FreeBSD ta koma Git a ƙarshen wannan shekarar. Binciken Stack Overflow na 2022 ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu rubuta manhaja da Git suke aiki. Mazhabar hasashe ta ci kasuwa tun ba ta gama gyara hasashen nata ba.

Gyaran Elijah Newren

Tsohon injin haɗewa na Git, wanda ake kira recursive, Fredrik Kuivinen ne ya fara rubuta shi da harshen Python a 2005, aka mayar da shi C a 2006. Shekara da shekaru ana ɗora masa faci kan faci har ya zama abin da kowa ke shakkar taɓawa. Elijah Newren, wanda a lokacin yake aiki a kamfanin Palantir, shi ya ɗauki wannan kaya.

Ya fara da matsalar folda. Idan wani ya kwashe folda sukutum zuwa sabon suna, abokinsa kuma ya ƙara sabon fayil a tsohuwar, da can sabon fayil ɗin a kango ake barin sa shi kaɗai. Git 2.18 ta watan Yunin 2018 ta koyi kai shi sabon wuri. Da aka ga wani lokaci ba haka mai aikin yake so ba, sai a 2.22 ta 2019 aka mayar da ƙa'idar ta zama a kai shi, amma a tsaya a nemi amincewar mutum.

Daga nan Newren ya sake rubuta injin tun daga tushe, aka sa masa suna ort. Dabarunsa na hankali ne. Fayil ɗin da ɗaya gefen bai taɓa ba, babu amfanin wahalar neman inda ya koma. Fayil ɗin da ya sauya folda yawanci yana riƙe da sunansa na ƙarshe, don haka a fara gwada masu suna ɗaya. Idan ana dasa jerin kwamit ɗaya bayan ɗaya, abin da aka gano a na farko a tuna da shi a na biyu. A gwajin da ya yi da rumbun Linux, inda ya sauya wa folda mai fayil sama da 20,000 suna, haɗewa ta ninka sauri fiye da sau 500, dasa jerin kwamit kuma fiye da sau 9,000. A Git 2.33 ta Agustan 2021 aka ɗaga iyakar haɗewa zuwa 7,000, a 2.34 ta Nuwamban 2021 ort ya zama injin da kowa ke samu kai tsaye, a 2.50 ta 2025 kuma aka sallami tsohon injin baki ɗaya. Abin da Torvalds ya hango a 2005 ya tabbata: dabarar ta inganta, tsohon tarihi ya amfana. Sai dai an shekara 16 kafin a kai wurin.

Babban baƙi, ƙaramin baƙi, da baƙaƙe masu lanƙwasa

Wani reshen matsalar daga tsarin kwamfutocin kansu yake. A wurin Linux, "Anka" da "anka" fayil biyu ne. A wurin Windows da macOS, yadda suke zuwa daga kamfani, fayil ɗaya ne. Wanda ya mayar da babban baƙi ƙarami a Windows zai iya tarar da Git ba ta ga ya yi komai ba, abokinsa mai Linux kuma ya wayi gari da fayil biyu. Rumbun Linux kansa yana da fayiloli irin su xt_TCPMSS.c da xt_tcpmss.c, waɗanda ke taka juna idan an sauke su a Windows. A watan Disambar 2014 abin ya wuce ɓacin rai ya zama barazanar tsaro: masu kula da Mercurial suka gano cewa mugu zai iya saka folda mai suna ".Git" a rumbu, ta hau kan ".git" ta ainihi a kwamfutar wanda ya sauke, ta sa ta gudanar da umarnin da bai sani ba. Aka fitar da Git 2.2.1 cikin gaggawa don toshe ƙofar.

Mai rubutu da Hausa yana da nasa ƙarin. Wani zai sa wa fayil suna da ƙ, wani da k saboda allon bugawarsa ba shi da mai lanƙwasa. Najeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ, alamar ɗaurin ma iri biyu ce, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya. A wurin kwamfuta kowanne suna ne dabam. Bugu da ƙari, idan ba a sauya saitin core.quotePath ba, Git kan nuna ƙ a sunan fayil da lambobi, \306\231, har sabon shiga ya ɗauka fayil ɗinsa ya lalace alhali lafiyarsa lau. Masu gyara Wikipedia ta Hausa sun san 'yar'uwar wannan matsala. Idan an gusar da shafi da maɓallin da aka tanada, tarihinsa na bin sa. Idan aka kwafi rubutun aka liƙa a sabon take, sunayen waɗanda suka yi wahalar rubuta shi sun tsaya a baya, sai mai gudanarwa ya zo ya ɗinke tarihin biyu.

Abin da ya shafi Zamfara

Karo yana girma ne gwargwadon daɗewar rabuwa. Reshe biyu da suka rabu jiya, haɗa su ba wuya. Waɗanda suka yi wata biyu ba su ga juna ba, kowanne ya yi nisa da asali, kamanni ya ragu, hasashen Git ya raunana. A yankin da lantarki da sabis ba su da tabbas, doguwar rabuwa ba zaɓi ba ce. A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata da farko, amma a ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau abin ya haura wata biyu. Git tana aiki ba tare da intanet ba, domin kowace kwamfuta na ɗauke da cikakken tarihi, kuma umarnin git bundle na ba da damar ɗaure sababbin kwamit a fayil guda a miƙa ta filasha. Matashin Gummi ko Anka da ke aiki da abokai a Kano ko Legas zai iya ci gaba da rubutu ko sabis ya ɗauke. Ranar da layi ya dawo ce za ta nuna ko ya bi ƙa'ida.

Ƙa'idojin kuwa daga wannan tarihi suka fito. A sauya suna a kwamit na kansa, ba tare da taɓa ko layi ɗaya na ciki ba, gyara ya biyo baya. Haka bin tarihin fayil ke zama tabbas. Kafin a kwashe babbar folda a sanar da kowa, a haɗa rassan da ke buɗe tukuna, domin lokacin haɗewa Git asali da ƙarshen kowane reshe kawai take aunawa. A tsayar da tsarin sunaye tun ranar farko: ƙananan baƙaƙe, da matsaya guda a kan ƙ da ɗ da ɓ. A duba bugun Git da ke kan kwamfuta, in ya gaza 2.34 a sabunta shi. A kuma karanta duk gargaɗin da ya fito kafin a fara warware karo.

Malaman kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da masu horar da matasa a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, su ne ke da damar dasa wannan tun da wuri. Koya wa ɗalibi ajiyewa da turawa kaɗai bai isa ba. A haɗa ɗalibai biyu-biyu a aji, ɗaya ya sauya wa fayil suna, ɗaya ya gyara shi, su haɗa, su maimaita da gyaran da ya wuce rabin fayil, su ga da idonsu inda Git ke ganewa da inda take ɓata, tun kafin a damƙa musu bayanan asibiti ko na makaranta.